Gonar da Ta Fito Daga Tafki

Zuwa ga ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina yi maka barka da aiki da kuma zafin bana. Mu nan tudu mun gode Allah.

Na rubuto ne domin na kira wayarka har na gaji, kullum sai ta yi ta ƙara ta katse. Direban da ke ɗauko muku albasa ya ce wayar tana aljihunka, lafiyarta lau. Shi zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu, kada a ce ba ta iso ba.

Ka san halin da gonar tudu take ciki, ko da yake ka daɗe ba ka tako gida ba. Damina ba ta da alkawari yanzu. Ruwa zai sauko kamar da gaske, mu yi shuka, tsiro ya fito, sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Yabanya ta ƙone, mu sake shuka, ta sake ƙonewa. Gonar da Baba yake cika rumbuna da ita, bara jaki ɗaya ya kawo amfaninta gida, kuma bai yi nishi ba. Yashi ya cinye gefen arewa har ya binne shinge.

Ba kuka na zo yi maka ba, maganar haƙƙi ce. Ranar da Baba ya raba mana abin da ya mallaka, yana kwance a zaure, ni da kai da 'yar'uwarmu muna zaune. Gona ta zama tawa. Jirgi da taru da wurin da yake kamun kifi a tafki suka zama naka. Ruwa Baba ya ba ka, da abin da ke yawo a cikinsa. Bai ambaci ƙasa ba, domin a lokacin babu mai tunanin za a wayi gari a ga gindin tafkin nan da ido. Yanzu tafki ya ja baya, ƙasa ta fito, baƙa mai danshi, kana noma albasa da masara da wake a kanta, har mota ke zuwa ɗauka. Wannan ƙasa ba a raba ta ba. Abin da ba a raba ba kuwa na 'ya'yan Baba ne duka.

Ina neman rabi, kuma ina so a nuna mini wurina kafin ruwan shuka ya sauka. Na fi son mu gama tsakaninmu, ba tare da an ji kanmu a waje ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Na bar ka lafiya.

Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, zafi kuwa ko kifi ya bar mana garin saboda shi.

Direba ya yi gaskiya, wayata lafiyarta lau. Kunnena ne ba shi da lafiya, tun kiran ƙarshe da ka yi kana daka mini tsawa kamar har yanzu ni ne yaron da ke ɗebo maka ruwan wanka. Takarda ta fi, ba ta ɗaga murya.

Ka tuna ranar rabo, amma ka ɗauki inda ya yi maka daɗi ka bar saura. Baba cewa ya yi babba ya fara zaɓa, kai kuwa ka zaɓi gona tun bai rufe baki ba. Da muka fito ƙofar gida ka dafa kafaɗata kana dariya, ka ce, “Kwaɗo, sai a koma ruwa.” Sunan nan ya bi ni har yau, 'ya'yanka ma Baba Kwaɗo suke ce mini. Na ɗauki filafilin tuƙi na tafi.

Daga nan ruwa ya fara gudunmu. Kowace shekara sai mu tuge bukkoki mu bi shi, kamar masu bin akuyar da ta tsinke. Na yi shekaru ina jefa taru ina jawo ciyawa da laka. Matata ta rushe murhun da take ƙyafe kifi don ta gaji da ganinsa a sanyaye. A shekarun nan rumbunka cike yake. Na zo gida sau ɗaya da buhu a naɗe a hammata. Ka tambaye ni labarin ruwa, ka ba ni haƙuri mai yawa, ka raka ni har bakin hanya, buhun yana naɗe yadda ya zo. Ranar ban ji ka ce abin da ke rumbu na 'ya'yan Baba ne duka ba. 

Da ƙasa ta fito, mu masunta muka zauna muka yanke magana: inda turakun tarun mutum suke kafe, nan ne nasa. Turakun Baba suna nan tsaye a busasshiyar ƙasa, su ne iyakata, kowa a nan ya shaida. Kuma ba a faranti aka miƙo mini gonar ba. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, da furfura a gemuna na durƙusa ina koyon dashen albasa wurin baƙi, suna yi mini dariya. Rijiyoyin ban ruwa da hannuna na haƙa su. Shekarar farko duk abin da na dasa ya ruɓe.

Saboda haka babu rabi, babu rabin rabi. Idan aiki kake so, ina ɗaukar 'yan ƙwadago lokacin cire ciyawa. Zan ba ka abin da nake ba kowa, kuma ni ba na yi wa ma'aikata tsawa.

A gaida mutanen gida. Ka huta lafiya.

Ƙaninka, Kwaɗo

*

Zuwa ga ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, na karanta ta sau ɗaya, kuma ya isa. Ƙwadago a ƙasar ubana, a ƙarƙashin yaron da na goya. Na gode, na adana wannan kalma.

Maganar buhu da ka tono, ni ban ga buhu a hammatarka ba. Da ka buɗe baki ka roƙa, da na ba ka. Girman kai ya hana ka, yanzu kana ɗora mini laifin.

Abu biyu na yi, kuma ina sanar da kai da kaina don kada a ce a ɓoye na yi.

Na farko, jirgin Baba da ka yasar a tsohuwar gaɓa, inda ruwa ya bari tun tuni. Tunda ka zama babban manomi ba ka da buƙatarsa. Na ari amalanke na kawo shi gida. Yana tsakar gida, awaki suna cin dusa a ciki, ya fi zaman banza.

Na biyu, na je gonar ranar kasuwa, ba ka nan. Na zagaya turakun da kake taƙama da su. Na ga ka noma wajen da ya yi tudu, ka bar kwarin gabas gaba ɗaya a kwance, ƙasa irin wadda tun da nake noma ban taɓa damƙar mai kyanta ba, ciyawa tana ci a banza. Wanda ya bar irin wannan wuri alhali ɗan'uwansa yana nema, ba noma ne a ransa ba, ƙeta ce. Na shuka gero a wurin, daga turke mai jan ƙyalle har ƙarshen kwarin. Na kafa 'yar rumfa a gefen hanya, zan riƙa zuwa ina dubawa. Duk wanda ya taɓa mini shuka, hukuma ce za ta raba mu.

Ban nemi faɗa ba, kai ka kawo mu nan. Wassalam.

Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, da barka da shuka.

Geronka ya fito, ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna zuwa kallo. Sai dai ba kyansa suke kallo ba. Tambaya suke wane ne ya shuka gero a kan hanyar ruwa. Kunya ta hana ni in ce yayana ne, na ce wani baƙo ne daga tudu, kuma ban yi ƙarya sosai ba.

Bari in koya maka, tunda ba za ka tambaya ba. Ku mutanen tudu sama kuke kallo. Ruwanmu ba daga sama yake zuwa ba. Can nesa ake yin sa, a wuraren da ba mu taɓa takawa ba, koguna su kwaso shi, sai wajen ƙarshen damina ya rarrafo mana ta ƙasa, da rana tsaka, babu ko gajimare. Tafkin ya ƙanƙance, amma kowace shekara yakan miƙe ƙafa, kuma kwarin nan shi ne wurin da yake fara sa ta. Idan ya janye da rani sai mu bi danshi mu shuka wake. Abin da ya sa ka gan shi a kwance ke nan. Gero kuwa zai fid da kai daidai lokacin da mai wurin zai iso. Ka kwantar da hankalinka, ba sai ka kira hukuma ba, ba zan taɓa maka ko ganye ba. Akwai mai zuwa ya girbe maka kyauta.

Yanzu maganar jirgi, kuma a nan babu wasa a bakina. Ni a kife na bar shi a gindin bishiya, ba yasar da shi na yi ba. Jirgi idan ya zauna a buɗe cikin rana katakonsa tsagewa yake yi. Hannun Baba ne ya sassaƙa shi, a cikinsa ya koya mini tuƙi, lokacin da kai kake tsaye a gaɓa kana tsoron jiƙa wando. Ka kore awakinka, ka kife shi a inuwa. Idan ya tsage ba zan yafe maka ba.

Sai an jima. A gaida rumfa.

Kwaɗo

*

Auta,

Salamu alaikum, ni ce yayarka mai ɗinki. Yaya gida, yaya yara, yaya matarka mai haƙuri? Allah ya shirye ku, kai da yayanka. Kun mai da direban albasa gidan waya, duk tasha an san 'ya'yan Baba suna faɗa a kan laka.

Ana ta cewa na 'ya'yan Baba ne duka, ni dai babu wanda ya tambaye ni ko ina ciki. Ba komai. Ni keken ɗinkin Inna aka ba ni, kuma bai ƙafe ba. Masu kawo ɗinkin ne suka ƙafe. Tun da gonaki suka daina bayarwa faci kawai ake kawo mini, rabin layinmu sun rufe shago sun tafi birni.

Ka saurara in gaya maka abin da Yaya zai gwammace ya mutu da ya rubuta. Matarsa da ƙananan yaran suna ɗakina tun farkon damina. Ya ce ziyara ce. Ka taɓa ganin ziyara da tabarmi da tukwane? Shanun noma ya sayar. Babban ɗansa ya bi motar masu haƙar ma'adinai, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Awakin da yake yi maka burga da su, guda ce ta rage, ita ma ana ƙirga haƙarƙarinta daga ƙofar gida. Geron da ya zuba a kwarinka shi ne ƙarshen irin da yake da shi. Bana ko rami ɗaya bai sara a tudu ba.

Ya nuna mini takardarka yana huci. Na ce, “Yaya, Auta fa ya san ruwa.” Ya ce, “Dabara ce, so yake in tsorata in tashi. Tafkin da ya yi shekaru yana gudu, shi zai dawo don na shuka gero?” Kuma laifinka ne. Ka faɗi gaskiya da bakin ba'a, wa zai iya haɗiye ta?

Har yanzu da sauran lokaci. Ka yanka masa ɗan wuri a tudun gonarka ya jefa wake mai saurin nuna. Kada ka ce rabi, kada ka ce taimako. Ka nuna masa da hannu kawai ka juya baya. Raina a ɓace yake da ku duka, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Ka gaida kowa. Allah ya huci zuciyarku.

Yayarka mai ɗinki

*

Yaya mai ɗinki,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka.

Takardarki ta hana ni cin abinci. Direba zai sauke buhun masara a shagonki, na yara ne, kada ki faɗa masa daga inda ya fito.

Ƙasa kuwa a'a. Idan na nuna masa taki ɗaya da hannuna, gobe zai ce na amsa cewa tasa ce. Kuma shi ya rubuta mini da alƙalaminsa: da ka buɗe baki ka roƙa, da na ba ka. To ga shi ga bakinsa. Kullum ina wucewa ta gaban rumfarsa, yana ganina ina ganinsa, ko sannu ba ta haɗa mu.

Ki yi haƙuri da ni. Na bar ki lafiya.

Autanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya, tunda an ce an ga ka tashi daga rumfa kafin hanya ta yanke.

Ruwa ya zo kamar yadda na faɗa maka, amma bai tsaya inda na sani ba. Da hantsi ya cika kwari. Na tsaya a kan tudun gona ina cewa nan zai tsaya, don nan yake tsayawa kowace shekara. Kafin la'asar yana cikin rumbun albasa. Tsofaffin masunta sun ce tun suna yara rabonsu da ganin irinsa. Masarata tana tsaye a ruwa har wuya. Albasar da na adana ina jiran kasuwa ta yi kyau, na ga tana yawo a kan ruwa kamar ta fita shan iska. Rijiyoyi sun cike da laka, bukkoki sun narke. Mun fito da yara da tabarmi da tukunya biyu. Yanzu muna ajin makaranta da wasu gidaje, an raba mu da zannuwa, ɗan ƙaraminmu yana tari.

Na ce maka na san ruwan nan. Ashe wanda na sani ne ya tafi, wannan wani ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kifi ya biyo ruwa, da yawa, irin wanda muka manta kamanninsa. Waɗanda suka adana jiragensu suna ci suna sayarwa. Waɗanda suka farfasa nasu suka yi ƙofofi da benci suna tsaye a gaɓa suna kallo, ni ma ina cikinsu, alhali nawa jirgin yana tsakar gidanka. Taru yana nan, matata ta fito da shi a ka kafin ta ɗauki kayan sawarta.

Ka ɗora jirgina a motar direba, yanzu ba shi da albasar ɗauka. Ba roƙo nake ba. Kai da bakinka ka ce jirgi da taru da ruwa nawa ne.

Wassalam.

Ƙaninka

*

Zuwa ga ƙanina,

Wa alaikumus salam. Ina jajanta muku, Allah ya ba yaron lafiya.

Na ga ƙarshen gerona kafin in taho. Ya riga ya fid da kai, irin kan da rabona da gani tun Baba yana da rai. Na tsaya a kan hanya ina kallo har ya zama kawunan kawai ake gani suna kaɗawa, daga baya babu su. Ka yi gaskiya, sai ka ji daɗi. Da ka faɗa mini ita kamar ɗan'uwa, wataƙila da na ji.

Tun farko na ce ruwa aka ba ka. Ga shi nan ya dawo maka, har da ƙari.

Jirgi yana nan. Tun ranar da takardarka mai cewa in kore awaki ta zo na jawo shi zaure na kife shi, ina yayyafa masa daga ruwan da nake saye don sha. Ba don kai na yi ba, don hannun Baba ne. Akwai tsaga ɗaya kusa da hancinsa, na cusa auduga na shafe da kwalta. Ban san ko haka ake yi ba, kuma ban ga wanda zan tambaya ba.

Wani masunci ya zo har gida jiya. Ya ce in ba shi jirgin, ya ɗauke ni a ciki, mu raba abin da aka kama. Ban ba shi amsa ba tukuna. Ga tawa maganar: jirgin nan ba zai hau mota shi kaɗai ba. Inda ya je zan je, abin da ya kamo rabi nawa ne. Idan ba ka yarda ba, mutumin yana jira.

Na san inda buhun masara ya fito, an ɗaure bakinsa da ƙullin masunta. Yara sun ci. Ni ban ci ba.

Ina sauraron amsa ta hannun direba. Na bar ka lafiya.

Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ka sallami mutumin, baƙo ba zai tuƙa jirgin Baba ba.

Ka taho gobe. Ka zo da babban kwano, kai ne mai kwarfe ruwa, don na san irin aikin kwaltarka. A tsakiya za ka zauna, kuma ba za ka miƙe tsaye ba sai na ce, tunda ba ka iya iyo ba, ni kuma ba ni da bakin da zan yi wa Yaya mai ɗinki bayani.

Rabin kifi naka ne. Kifi na ce.

Turakun suna nan a ƙarƙashin ruwa, na san wurin kowanne, kuma ta kansu za mu riƙa wucewa kullum da safe. Ranar da suka sake fitowa sai mu ɗora daga inda muka tsaya.

Sai ka iso.

Ƙaninka, Kwaɗo